Damisar Gene Ɗaya Ce, Mu Munka Maishe Ta Huɗu

Kowa ya yi kuskure a zancen nan, kuma nawa kuskuren ya fi na kowa muni. Ba namun daji huɗu ba ne sunka kewaye ƙauyen da yayana ke noma kusa da Gene, a ƙasar Benin. Ɗaya ce tak. Ku da kunka dame ni da tambaya tun dawowata, ga yadda anka yi.

Abin ya faro daga saƙonnin murya a wayar Inna. Wani ɗan garinmu da ke aikin gona can ya ce cirgu ta ɗauke akuya. Washegari wani ya ce an ga sawun mar a bakin rafi. Wata mai saida albasa a Malanbil ta ce damisa ce. Inna ta ƙirga uku, don a ganinta Bahaushe da ya san damisa ba ya kiranta da wani suna. Sai ni, mai boko, na ga an rubuta panter da Faransanci a wani saƙo, na ce mata ai wannan baƙa ce wuluk, ba damisa ba, na gan ta a littafi a makarantar lise, har na tura wa mutane saƙon murya a kan haka. Sun zama huɗu ke nan. Wayar Yaya kuma kwana huɗu a kashe. Inna na da hawan jini, ta daina cin abinci, sai ruwa. Na ga in ba ta ji muryar ɗanta ba, ita za mu rasa kafin shi.

Mun tashi da asuba daga Dogondutsi, ni da Iya, ƙanwar Inna. Har Doso hanya ba laifi. Daga can zuwa Gaya itatuwa na ƙara tsawo, gero duk an yanke an jingine, amma ni ban da idon kallo. Kowane shingen jandarma sai an sauko an nuna katin shaida, kuma wani dattijo a motar sai ya kwance ƙulli uku kafin ya kai ga nasa. A shinge na ƙarshe na ce masa, Baba, don Allah riƙe shi a hannu. Iya ta mintsine ni.

Gadar da ke ƙetare kogi daga Gaya zuwa Malanbil a rufe take, don haka kwalekwale munka shiga, jikka guda kowane kai, tare da buhunan barkono da babur ɗaya a kwance kamar rago. Iya ta riƙe bakin zanena tana salati har munka taka ƙasa. Na tambayi mai tuƙin, Badende ne, ko ya ji labarin mar da cirgu da sauransu. Ya fashe da dariya, ya buɗe baki zai yi bayani, ni kuma na ɗauka raini ne na juya masa ƙeya. Da na tsaya, da na huta tun nan.

Malanbil kasuwa ce da anka manna wa gari. Albasa tuli-tuli, doya, garin rogo, shinkafar bakin gulbi, ga Dendanci da Hausa da Yarbanci duk a tunga ɗaya. Iya ta rantse ba ta ƙara taku sai ta ci. Munka samu akasa, tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi dala sittin, yajin ya sa ni hawaye, na bar shi a kan yaji ne.

Babur biyu munka hau zuwa Gene, daga nan munka saki kwalta munka bi tsakanin gonakin auduga. Bayan la'asar munka isa. Mata na sussukar masara a gindin kuka. Ko sallama ban gama ba na ɗaga murya na ce ina wanda damisa ta cinye, ina yayana? Wata tsohuwa ta sa hannu ta rufe mini baki, da gaske, tafinta na warin toka.

Sai ga Yaya nan tafe da kwandon masara a ka, ya yi ƙiba har da kumatu.

"Ke, mi ya kawo ku? Lahiya dai?"

"Lahiya? Ina wayarka?"

"Tana cikin rijiya," in ji shi, kamar mai ba da labarin kaza.

Na zauna a kan turmi. Ban san na gaji haka ba. Sabis babu sai a kan wani suri bayan gari, can munka hau mu uku kamar awaki, na kira gida. Abin da Inna ta fara cewa da ta ji muryarsa shi ne, ka ci abinci? Iya ta fizge wayar ta ce, shi ya ci har ya yi kumatu, ke tashi ki ci. Muna ji ana buɗe kwano.

Da safe Yaya ya kai ni wurin wani tsohon makiyayi, Bafulatani, wanda akuyarsa ce anka ɗauke. Ya ja mu bakin rafi ya nuna sawu a busasshen taɓo, faɗinsa kamar tafin hannuna. Ƙafar gaba ta hagu yatsa ɗaya babu, wataƙila tarko ya taɓa cinye shi. Ya ce a bakin garkensa, da bayan gonar Yaya, da nan, duk sawun nan ne mai guntun yatsa. Ma'aikatan gandun daji sun zo sun bi shi har ya koma cikin daji, kwana uku ke nan ba a sake ganin sabo ba.

Na ce to su cirgu da mar fa? Ya dube ni yadda ake duban yaron da ya tambayi ko ruwa na jiƙa.

"Ɗiyata, in tana kusa ba a kiranta da sunan da ta san ka da shi, sai ta ji ta zo. Bahaushe shi ari namu shi ce cirgu. Mu mu ari na Dendawa mu ce mar. Su kuma su ari naku. Kowa na ɓoye bayan harshen maƙwabcinai."

Wato 'yan garinmu ba ƙarya sunka yi ba, ladabin wurin sunka bi. Ban ce na yarda dabba na jin Hausa ba, amma na ba tsohuwar da ta rufe mini baki haƙuri. Na tambayi tsohon ita baƙar fa, panter. Ya ce shekarunsa duk a dajin nan, bai taɓa ganin baƙa ba, ma'aikatan ma wannan mai ɗigo-ɗigon suke ce wa panter. Yaya ya tambayi wa ya kawo zancen baƙa. Na ce rana ta yi, mu tafi.

Dawowa ta fi sauƙi. A kwalekwale har na ga farar balbela da masunta na jan koma, abin da ban gani ba da zuwa. Na nemi mai tuƙin nan in ba shi haƙuri, ban same shi ba. Munka iske Inna zaune a tabarma tana gyaran wake, ta ce kawai ita dama ta san ɗanta na hannun Allah.

Abin da na koyo: kafin ka ƙirga dabba, ka nemi sawunta, kada ka ƙirga bakin masu faɗa. Kuma boko rabi ya fi rashinsa haɗari, don ukun farko ladabi ya haife su, ta huɗun ni na haife ta. Na faɗa wa Inna haka a gaban Iya, ta ce Allah shi shirye ni. Na riga na aika wa Yaya tsohuwar wayata da igiya ɗaure a jikinta, ya rataya a wuya. Gobe kuma zan yi saƙon murya ɗaya, da sunayen huɗu a jere, in tura duk inda na tura na farko, in ce ni ce mai baƙar damisa kuma babu ita. Daga nan Dogondutsi dai damisar Gene ba ta jina, zan kira ta da sunanta.