Gorar da Baffa Ya Damƙa wa Ƙanena

Ƙanena yana ɗan shekara goma sha biyar aka kashe mahaifinmu a gabansa. Suna karyar masara a gonarmu ta bayan Maska, da hantsi, sai 'yan bindiga suka ɓullo a kan babura. Baba ya tura shi cikin tarin kara, ya ce kada ya motsa. Daga nan yaron ya ga yadda suka sari Baba da adda a kafaɗa, ya ga faɗuwarsa, ya ga yadda suka ƙarasa shi da harsashi.

Ranar jana'iza bai yi kuka ba, har ana yabonsa, wai namijin duniya. Namiji ina! Yaron da ke hana mu sakat da surutun ƙwallo ya koma kamar buhun da aka jingine a bango. Ya daina zuwa makaranta, wanka sai an yi faɗa. Tuwon da na ajiye masa da safe haka zan tarar da shi, ƙuda na bi. Babur ya wuce ta ƙofar gida, sai jikinsa ya hau ɓari. Wata rana ina shara na ji ya ce a hankali, "Da ma ni suka kashe." A ranar na kwashe maganin feshin gona na kai gidan maƙwabta.

Na ce a kai shi asibiti. Baffa, ƙanen Baba, ya watsa mini harara. "Asibitin me? Zazzaɓi yake yi? Ke kin cika iyayi. Zuciya ke cin sa, ranar da ya rama zai warke."

Ran wata kasuwa 'yan sa-kai suka kama wani mutum, wai shi ke kai wa ɓarayin daji labari. Har yau ban san gaskiyar zancen ba. Baffa ya faɗo gida ya finciko yaron daga kan tabarma, ni kuma na zari mayafi na bi su. Mun tarar an ɗaure mutumin a gindin mangwaro a bakin kasuwa, idonsa ɗaya ya rufe, jini ya jiƙe masa gaban riga. Baffa ya damƙa wa ƙanena gora.

"Doke shi! Jinin ubanka na wuyansa!"

Jama'a suka ɗauka da ihu, doke shi, doke shi. Yaron ya runtse ido ya sauke gorar a kafaɗar mutumin. Na ji ƙarar ƙashi. Mutumin ya kurma ihu, "Wayyo Allah, 'ya'yana!" Ƙanena ya zube yana sheƙa amai.

Wallahi ban san lokacin da na ci kwalar Baffa ba. Na ce, "Allah ya isa, Baffa! An kashe uban, kai kuma za ka ƙarasa ɗan?" Ya zabga mini marin da ya fasa mini leɓe. Ban ko shafa ba, na ja yaron muka fice. Mutumin bai kai la'asar ba.

A tsakar gida ina wanke masa fuska ya riƙe hannuna. "Yaya, irin kukan Baba ya yi. Sak. Yanzu ni ne mai addar."

Washegari na sa shi a mota zuwa Malumfashi, ban nemi izinin kowa ba. Wata ma'aikaciyar asibiti ta zauna da shi, ta bar shi ya yi magana har ya yi kukan da bai yi ba. Ta ce mini ciwon damuwa ne, firgicin abin da ya gani ne ya haifar da shi, kuma ana jinyarsa. Muka yi ta zirga-zirga. A hankali ya fara cin abinci, bara ya koma makaranta. Baffa kuwa har gobe yana bugun ƙirji a majalisa, wai gorarsa ce ta warkar da yaro. Ina gaishe shi don zumunci, amma ban yafe ba.

Kakar bana muna ɓarar masara, ƙanena ya tsaya cak da zangarniya a hannu.

"Yaya, ran nan a kasuwa, kina ganin ɗan mutumin nan yana wurin? A ɓoye, yana kallona?"

Na ce ban sani ba. Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da ɓarar masarar.