Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, don haka har na fara furfura ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ƙannena kowa da sunansa take kiransa, ni kuwa "kai" ne, ko "wancan". Kunyar ɗan fari ke nan, haka muka tashi muka tarar a ƙauyenmu na wajen Taura. Ina yaro abin yana yi mini ciwo, da na girma na daina kula.

Wasu shekaru bayan an dawo da mu aiki Dutse daga Kano, lokacin da aka yi sabuwar jiha, sai Inna ta fara mantuwa. Da farko gishiri take zubawa a koko, muna dariya. Ranar da aka tsince ta a bakin titi tana neman gonar da aka sayar tun Baba yana da rai, dariya ta ƙare. Na ɗauko ta na kawo ta gidan da nake haya. Likita ya ce rikicin tsufa ne, ba shi da magani, a dai kula da ita. Ƙanwata ta ce sammu ne, ta yi ta aiko da rubutu a galan. Ni duka biyun na karɓa, don ban san wanda zan ƙaryata ba.

Wata la'asar na dawo daga ofis, ina jingine babur a zaure, sai na ji an ƙwala kiran sunana daga cikin gida. Muryar Inna ce. Ban san lokacin da na faɗa ɗakinta ba, na ce, "Na'am, Inna."

Ta dube ni, ta ja mayafi ta rufe kai, ta tambayi matata wane ne wannan ƙaton da yake shigo wa mutane ba sallama.

Ashe ba ni take kira ba. Wani yaro take nema ɗan shekara shida, wanda ya fita da awaki tun safe bai ci komai ba. Daga ranar na zama "Malam". A gidana, sai na yi sallama an ba ni izini. Lokacin ana ta maganar shari'a a rediyo, ita ma ta tsinci nata, ta ce in ban daina shiga gidan matan aure ba za ta kai ni gaban alƙali. Matata ta yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa ban ga abin dariya ba.

Wanka da wankin shimfiɗa matata ce take yi, Allah ya saka mata. Nawa aikin shi ne abinci, domin Inna ta kafe ba za ta ci ba sai yaron ya dawo. Tuwonta take turawa ƙarƙashin gado ta ajiye masa, sai wari ya tona. Tana ta ramewa a gabanmu. Rannan haƙurina ya ƙare, na daka mata tsawa na ce ni ne fa, ga ni a gabanta. Ta takure a jikin bango. Har yau in na tuna sai na ji kunyar kaina.

Sai na koyi ƙarya. In zauna a bakin ƙofa in ce na haɗu da yaron a hanya, ya ci ya ƙoshi a wurin kakarsa. Sannan ta ja kwano. Tana ci tana ba Malam labarinsa. Ta ce da ya yi ƙyanda kwana bakwai ba ta runtsa ba, amma ko leƙa shi ba ta yi a gaban surukarta. Ta ce naman miyarta take ba kakar ta miƙa masa, don kada a ce ta yi rashin kara. Ni kuwa duk tsawon shekarun nan kakata nake yi wa godiya.

Na rasa yadda zan ɗauki abin. Sunan da na yi ƙuruciya ina jira, ga shi ana kira safe da yamma, amma in na amsa na zama ɗan kutse. Matata ta ce in riƙa amsawa, limamin unguwarmu ya ce in bar ta da abin da ya kwantar mata da hankali. Wani lokacin har ni kaina sai in waiga ƙofa, kamar yaron zai shigo.

Da damina ta kwanta zazzaɓi. Da ta fara samun sauƙi, wata safiya na kai mata koko, hannunta ba ƙarfi, ni na riƙe mata kofin. Ta sha kaɗan ta tsaya tana kallona. Ta daɗe a kan tabon da ke girata, inda akuya ta taɓa tunkuyina. Sai ta kau da kai, ta juya fuska bango, ta ce wa matata a hankali, "Ce wa wancan ya tafi aiki, rana ta yi."

Matata ba ta gane ba, ta karɓi kofin kawai. Ni na fita zaure na hau babur, na kasa tayar da shi, na zauna ina kuka kamar yaron da take nema. Da na dawo da yamma matata ta tare ni da damuwa, ta ce jikin Inna ya ƙi daɗi, yau yini guda ko sau ɗaya ba ta kira sunana ba.