Ɗan Farin Inna a Tsohon Zango

Ni ba mai yawo ba ce. Duk wanda ya san ni a Jibiya ya san in ka neme ni a tsakar gida ka rasa, to leƙa madafa. Amma kunnena yana zuwa inda ƙafata ba ta zuwa, don maigidana ɗan kamasho ne a tasha, shi ke loda wa motocin Maraɗi fasinja. Abin da aka faɗa a bakin iyaka da hantsi, kafin la'asar ya iso mini tare da cefane. Ta haka na fara jin maganar tsohon zango.

Zangon nan yana gefen gari, kafin ka kai shingen kwastan. Tun zamanin fatake yake, lokacin da ayarin raƙuma da jakuna ke sauke kanwa da gishiri a wurin. Akwai tsohuwar rijiya wadda igiyar guga ta ci bakin dutsenta har ya yi tsagi-tsagi, da guntun ganuwa, da tsamiyoyi masu yawa, ga geza da suri a tsakaninsu. Mu dai a wurinmu wajen kiwon awaki ne. Sai shekarun nan suka zo da kuɗin man fetur suka shigo, bayan farin da ya ƙarar da shanu. Kowa sai maganar siminti da kwano yake. A lokacin ne Turawa masu ratso hamada a mota suka riƙa shigowa ta iyakarmu, sun yi jajir kamar gauta, su kafa tanti a zangon, su yi ta ɗaukar hoton rijiya. Labari ya kai Kaduna. Aka ce za a gina gidan tarbar baƙi a wurin, da ɗakin ajiye kayan tarihi da rumfar shan lemo, amma sai an turo ma'aikata sun duba tukuna kafin manya su amince.

Maigidana ya shigo da zancen bakinsa har kunne.

"Ke, Jibiya ta zama birni! Har ke sai kin koyi Turanci ki sayar musu da fura."

Na ce, "In sun iya shan ta ba cokali, su zo."

Na yi dariya, amma sai na tuna Inna.

Inna mahaifiyata ce. Tun rasuwar Baba take zaune a tsohon gidanmu, na ƙarshe a unguwar, wanda dangarsa ta baya ke kallon zangon. Ni ba ni ce 'yar farinta ba, ko da yake na girma ina zaton ni ce. Sai dab da aurena wata goggona ta gaya mini, tana yi mini lalle, cewa kafin ni akwai namiji. Ya fara wayo, yana gudu yana magana, ƙyanda ta ɗauke shi ana tsakiyar damina. Gulbi ya cika ya raba gari da makabarta, sai Baba da ƙanensa, Baffa, suka rufe shi a cikin zangon, tsakanin tsamiyoyi. Goggo ta ce, "Kada ki kuskura ki yi mata zancen."

Ai ba sai an gaya mini ba. Matan zamanin su Inna ba su wasa da kunyar ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi ba a rugawa. In ya mutu kuma ba a ganin hawayenki. Inna ta riƙe wannan kamar sallah. Abu ɗaya ne kawai: duk ranar Juma'a da hantsi sai ta ɗauki 'yar ƙwarya ta ce za ta tsinto tsamiya. Ko lokacin da babu ko ƙwaya a bisa, sai ta je. Sau ɗaya na bi ta ina ƙarama, ta juyo ta kore ni da tsinken kara. Tsofaffin unguwa sun san inda take zuwa, ba wanda ya taɓa nuna ya sani. In ta dawo da ƙwarya wayam sai su ce, "Sannu da tsinta," ta ce, "Yau awaki sun riga ni."

Ranar da ma'aikacin ya zo ina gidan, na je yi mata daka. Saurayi ne mai hankali, Bahaushe, ya cire takalmi kafin ya shiga zaure. Mai unguwa ne ya rako shi, shi ma yaro ne, bai daɗe da gadon mahaifinsa ba. Inna ta fita ta zauna a bakin zaure, ni kuwa na laɓe bayan zana da taɓarya a hannu.

Bayan gaisuwa ya ce, "Inna, gwamnati na son yin gini a zangon nan. An ce mu tambayi maƙwabta kafin a amince. Ko akwai gonar wani a ciki, ko kabari? In akwai kabari a nuna mana, mu kewaye shi, mu matsar da ginin. Ba ma gini a kan mutane."

Ga ƙofa an buɗe mata, ba roƙo, ba faɗa. Kalma ɗaya ce.

Inna ta gyara lulluɓi ta ce, "Ni mi na sani, ɗan nan? Tsamiya dai nika tsinta."

"Ba ki taɓa jin an rufe wani a ciki ba?"

"Ba ni da kowa can."

Mai unguwa ya yi dariya ya ce, "Ai na gaya maka, ranka ya daɗe. Ba kowa a wurin nan sai aljanu, su kuwa ba su kai ƙara."

Na yi tari daga bayan zana, na ƙara. Inna ta waiwayo ta yi mini kallo ɗaya, tarin ya koma inda ya fito.

Da suka tafi na kasa haƙuri. Na ce, "Inna, don girman Allah. Yayana fa?"

Ranar na fara faɗin kalmar nan a gabanta. Ta tsaya da faifai a hannu, ba ta dube ni ba.

"Ke, uwar surutu, dakan naki ya yi laushi?"

"Inna, za su zuba siminti a kansa."

"Wa ya aike ki?" in ji ta. Ta ci gaba da bakace, dusa na zuba a kan ƙafarta ba ta kula ba.

Na koma gida na zayyane wa maigidana komai. Duk zumuɗinsa na gini, mutum ne mai tausayi. Ya ce, "To ai ba sai ita ta faɗa ba." Washegari ya sami ma'aikacin a masaukinsa. Ma'aikacin ya ce ba damuwa, a kawo wanda zai nuna wurin kawai. Goggo ta riga ta rasu, ita ma ba ta je wurin rufewar ba. Saura Baffa, wanda ya daɗe da komawa wani ƙauye a bayan Maraɗi. Muka ba wani direban kamiyo, babbar motar kaya, saƙo, ranar kasuwa sai ga Baffa an sauke shi a tasha, ya tsufa, yanar ido ta rufe masa ɗaya.

Ni ma na bi su zangon ranar, ni da ba na fita. Baffa ya tsaya ya daɗe yana juya kai. Ya ce tsakanin tsamiya ne da suri, kan yaron na kudu. To tsamiya ba ɗaya ba, suri ba ɗaya ba. Ya kai mu gindin wannan ya ce nan ne, muka fara addu'a, sai ya ce a'a, waccan ta fi kama, don yana tuna suna jin kukan guga daga hagu. Muka je can. Ya sake cewa ko dai ta bayan ganuwar ce.

Ma'aikacin ya bi shi duk inda ya nufa, bai nuna gajiya ba. Daga ƙarshe ya ce, "Baba, ba zan iya zuwa in ce a matsar da gini don an ce wajen nan ne ba. Za a tambaye ni ina. Uwar yaron fa, tana raye?"

Baffa ya dube shi da idonsa mai gani.

"Haba, yaro. Ɗan fari ne fa. Kai a gidanku an taɓa tambayar uwa?"

Saurayin ya sunkuyar da kai. Can ya ce shi ma ɗan fari ne, har yau uwarsa "wannan" take ce masa. Sai ya kawo wata dabara. Ya ce ba sai ta yi magana ba, ba sai ta ga kowa ba. Ran Juma'a in ta je tsintar tsamiyarta, ta manta ƙwaryarta a wurin kawai. Shi zai zo da yamma ya kafa turke inda ya tarar da ita. Zai jira har Juma'ar kafin ya koma Kaduna.

Na ga kamar Allah ne ya sa masa maganar a baki. Na je wurin Inna, ban dube ta ba, na yi kamar da kaza nake magana. Na ce an ce duk wanda ya manta ƙwarya a zango ran Juma'a, ba za a taɓa wurin ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne, zuwan Baffa ya tayar da gari. An gan mu muna zagaye tsamiyoyi da ma'aikacin gwamnati. Zance ya shiga tasha, ya shiga gidajen biki, har masu dako 'yan ƙetare sun ji. Ran Juma'a da hantsi, mata sun cika bakin danga, wannan wai tana shanya, waccan wai tana neman akuyarta. Ba mugunta ba ce, tausayi ne ya fito da su. Amma Inna ta leƙo ta gan su, ta koma ɗaki ta rataye ƙwaryar. Tunda na yi wayo, ranar ce Juma'ar farko da ba ta je ba.

Na shiga na same ta zaune a bakin gado, na durƙusa ina kuka. Ta ce, "Da, ba mai kallona. Yanzu in tahi gari duka na bina da ido, a ce ga ta can wajen ɗanta?" Sannan ta ce, "Tashi ki tahi gidanki, mijinki na dawowa masallaci."

Ma'aikacin ya zo da yamma da turkensa a hannu, ya zagaya, ya koma da shi.

Bayan an cire amfanin gona muka ji a rediyo an amince. Mai shela ya bi unguwa-unguwa da ganga yana faɗa, samari suka yi ta murna za a ɗauki leburori. Ban ga laifinsu ba. Inna kuwa ba ta ƙara zuwa tsinta ba, kuma ba ta ƙara tayar da zancen ba. Ta rame dai. In na kai mata tuwo sai ta ce ta ci, alhali tukunyarta a kife take.

Sai wata safiya, ina hura wuta, na ji sallamarta a ƙofar gidana. Inna da ba ta taka gidan suruki sai da dalili mai ƙarfi. Ta ƙi shigowa. Ta ce, "Taso ki raka ni."

Ban tambaye ta ina ba. Tun jiya muke jin gurnanin katafila daga wajen zango. Na aika a kira maigidana daga tasha, na jawo mayafi na bi ta. Tana gaba tana sauri, ba ƙwarya, ba komai a hannunta. Mutane na gaishe ta ba ta amsawa.

Da muka isa na kasa gane wurin. Sun bar rijiya, sun bar ganuwa, sun bar manyan tsamiyoyi don baƙi su sha inuwa. Amma duk abin da ke tsakani sun kankare shi. Ba geza, ba suri, ba ƙananan itatuwa, sai jar ƙasa shimfiɗe kamar an share tsakar gida. Maigidana ya iso a guje ya ɗaga wa direban katafilar hannu, ya hau ya yi masa magana a kunne. Bawan Allah ya kashe injin. Wurin ya yi shiru, leburori suka tsaya da shebur a hannu.

Inna ta nufi wata tsamiya kai tsaye, ta dafa ta, ta juya gabas ta fara takawa. Sai ta tsaya. Ta duba ƙasa. Ta koma gindin tsamiyar ta sake tasowa, wannan karon ta ɗan karkata. Na ji tana cewa a hankali, "Gezar na nan... da guntun tulu..." Ta durƙusa ta tona ƙasar da yatsu, ta tashi, ta matsa gaba ta sake durƙusawa. Daga nan ta nufi wata tsamiyar daban. A nan na gane. Duk shekarun nan ba da itacen take gane wurin ba, da ƙananan abubuwan da ke ƙasa ne, su kuwa ga su can an tura su gefe sun zama tsibi guda.

Wani lebura ɗan Maraɗi, wanda bai san zancen ba, ya matso ya ce, "Iya, mi kika yar? Mu taya ki biɗa."

Ta dube shi ta daɗe. Ta ce, "Ba komi, ɗan nan."

Direban ya sauko ya ce mata ko kusa-kusa ne ta nuna, zai bar wurin, in ya so ya san abin da zai gaya wa manyansa, don nan duka filin ajiye motoci ne za a yi. Inna ta ɗaga hannu kamar za ta nuna. Hannun ya yi dama, ya yi hagu, ya sauka.

Ta ce, "Yi aikinka. Allah shi yi maka albarka."

Muka juyo. Na riƙe mata hannu, ba ta ƙwace ba, ƙasa duk ta shiga farcenta. Mun kusa dangar gidanta sai injin ya tashi a bayanmu, na ji ta zabura har yatsunta suka matse nawa.

Ta ce, "Bai son ƙarar mota. In motar gyaɗa ta wuce sai ya rugo ya shige cikin zanena."

Na rage tafiya, ko za ta ƙara. Ba ta ƙara ba, ranar ko bayanta. Iyakar abin da na sani game da yayana ke nan.