Gonar da Jakuna Suka Kwashe

Talle yana da wata ɗabi'a. In ya je gidan mutane, kafin ya yi sallama sai ya lashi babban yatsansa ya goga a jikin katanga, ya duba, ya gyaɗa kai. Wani lokaci ya ce ƙasar Tsibiri ce, wani lokaci ya ce wannan da yashi, ba za ta daɗe ba. Shi ba magini ba ne. Manomi ne mai gona guda a fadama, kudu da Maraɗi, kan hanyar Jiratawa. Ita ya gada wajen ubansa, ita ke ciyar da shi da matarsa Baturiya da ƴaƴansu. Ƙasa dai yake so, kamar yadda wani ke son doki.

Gonar tana da lahani. In gulbi ya cika da damina, ruwa ya malalo ya kwanta mata a tsakiya ya ruɓar da dawa. In rani ya shigo kuma, ruwan ya tafi kamar bai taɓa zuwa ba. Masu garka, wato lambun rani, a kewaye suna haƙa gajerun rijiyoyi su yi ta rushewa, albasa ta ƙone kafin ta yi kai. Kowa ya san abin da ake bukata, wato wurin da zai riƙe ruwan damina har bazara. Wanda zai biya ne ba a sani ba.

An taɓa kai maganar gaban Turawan mulki a bariki. Tafinta ya dawo da amsar kwamanda, cewa ana iya yin madatsa har da siminti, sai dai a ɗora kuɗin a kan lanho, harajin da ake biya duk shekara. Dattawan suka yi godiya ƙwarai, suka fito da ɗan sauri, ba wanda ya sake komawa. Aka ce to a yi gayya. A lokacin ba a daɗe da ɗage aikin tilas ba, kuma duk namijin da ke fadamar nan ya ɗauki ƙasa a kansa don hanyar mota har ya ƙoshi. Ranar gayya makaɗi ya zo, Talle ya zo, Baturiya ta dama fura cike da ƙwarya. Su suka shanye ta.

Shekarun nan kuwa su ne suka biyo bayan ruwan da ya ci tsohuwar Maraɗi, aka ce kowa ya hau tudu ya sake gini. Tudun yashi ne zalla. Ƙasar gini sai a fadama, kuma duk inda masu jakuna suka sa diga, mai gona ya taso musu da sanda. Wata rana Talle ya tare Gado, babban masu jakunan, a bakin hanya.

"Gado, ƙasa kuke nema?"

"Ta saye ko ta duka?"

"Ta kyauta. Jar laka, ba ta son ramno da yawa, ciyawa kaɗan ta isa kwaɓi."

Gado ya dube shi tun daga hula har takalmi. "Baba Talle, hwaɗa mini inda ƙayar take tun ban taka ba."

Ƙayar ba ta da tsini. Za su haƙa ne inda ya kafa turaku kawai, su yi zurfi, kada su yi faɗi. Ƙasar sama kuma, wadda magina ba su so, kada a watsar da ita, a jibge ta a gefen da ruwa ke gangarewa. Gado ya ce in dai wannan ne, ko jakin ma ya yarda.

Baturiya ta ji labarin a bakin rijiya, wanda ba nan ya kamata ta ji shi ba.

"Malam, gonar ka bayar?"

"Ban bayar ba. Ƙasar kawai."

"To in an kwashe ƙasa, mi ya rage ga gona?"

"Wurin."

"Wurin za mu tuƙa mu ci?"

Gaskiya ta faɗa. Gonar da aka haƙe ba ta komawa gona. In ramin ya riƙe ruwa, to. In bai riƙe ba, ba dawa, ba ruwa, sai ɗan zirin da ya rage can gefen tudu, wanda ba ya cika rumbun kaza.

Rani guda jakuna suka yi suna shiga da mangala wayam suna fita da ita a cike. Talle yana zaune a inuwa yana kallon gadon ubansa yana hawa tudu a bayan jaki. Taubashinsa Maidawa, masunci daga Tsibiri, wanda bai bar tsafin kakanninsa ba, ya zo takanas don ya gani da idonsa.

"Kai, bawana! Kowa na barin gona ga ɗiyanshi, kai rami za ka bari? Ko kabarin dangi duka ne ka fara tun yanzu?"

"In na gama kai zan fara sawa."

"Ni ba a sa ni ramin da jaki ya gina."

Damina ta zo, gulbi ya malalo, ramin ya cika har baki, tudun ƙasar da aka jibge ya tare shi. Mutane suka zo kallo, har waɗanda ba su zo gayya ba, suna cewa dama sun san za a yi haka. Baturiya ta yi lalle. Amma tun kafin a gama kai amfanin gona gida ruwan ya fara ja da baya. Ashe a kusurwa ɗaya masu haƙa sun wuce laka sun taɓa yashi, ta nan yake tsiyayewa. Sanyi bai fita ba sai taɓo.

Shekarar nan daga rumbun Ilyasu, wan Baturiya da ke Jiratawa, aka ci tuwo a gidan Talle. Ita ce take zuwa ta ɗauko. Ita ce kuma take tuƙawa. Akushin dai take ajiyewa da ɗan ƙarfi.

Talle ya ci gaba da zuwa bakin ramin, tunda ba shi da wata gonar da zai je. A nan ya lura da wani abu. Shanun Jibo, wani makiyayi da masu garka suke kora kullum, sun saci jiki sun shiga taɓon. Inda suka tattake, ruwa na nan kwance a sawun kofato, ko'ina kuwa ya bushe ya tsage. Ya daɗe tsugune yana kallon sawun. Da yamma ya bi Jibo har ruga.

"Ka kawo su su sha, ba mai korar ka."

"Su sha mi? Taɓo?"

"Bana taɓo, baɗi ruwa. Sai dai su wuni ciki, su taka mini kusurwar can."

Jibo ya yi dariya, ya ce tun da yake bai taɓa jin an roƙi saniya ta yi ɓarna ba. Ya kawo su. Talle da ƴaƴansa suka yi ta jido laka suna zubawa a kan yashin, Gado ya ba da aron jaki, shanu suna takawa suna ƙara nasu abin da shanu ke ƙarawa. Har taɓon ya bushe ana wannan aikin.

Da ruwa ya sake cika, ba wanda ya yi lalle. Kaka ta wuce, ruwa na nan. Sanyi ya wuce, ya ragu kaɗan. Sai ga bazara da zafinta, ruwa har ƙugun mutum. Wata safiya Baturiya ta zo da kanta, ta tsaya a kan tudun ƙasar, ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Ashe da faɗi." Da rana ta ajiye akushi a hankali.

Maidawa ya iso da tulu cike da ƙananan tarwaɗa ya juye a ciki. Ya ce amma ruwa ba ya zama sai an gaida mai shi na ɓoye, don haka ya yanka baƙin zakara a gaɓa. Talle ya juya baya yana tasbihi, ya ce shi bai ga komai ba. Sai da ya koma gida ya tarar zakaran nasa ne.

Daga nan garkuna suka kewaye tafkin, albasa da taba, har da mai gwada alkama. Aka kafa jigo na ɗebo ruwa. Marina suna aiko a ɗebo musu, mata suna wanki a gefe guda, shanu suna sha a ɗaya gefen, ana faɗa a tsakiya. Sauro ma ya samu gari, kwaɗi kuma ba su barin kowa ya yi hira. Talle bai taɓa yanka wa kowa farashi ba. Sai dai da wuya rana ta faɗi ba a ajiye wani abu a zaurensa ba, ko kwandon albasa, ko ƙwaryar nono, ko kifi a tsinke. Ilyasu ya ga damman geronsa sun dawo, da albasa a kai.

Wani gardi-sarki, dogarin kwamanda, ya zo daga bariki tambayar wanda ya ba da kuɗin wannan aiki, don a can ba a san an fitar ba. Talle ya nuna masa katangun sabon gari a kan tudu, ya ce, "Ga su can tsaye." Mutumin ya duba, ya sake dubawa, ya karɓi kifinsa ya tafi.

Ɗan zirin gonar da ya rage masa kuwa ruwan bai kai can ba, don ya fi tafkin tudu kaɗan, sai an ja doguwar hanya ta zagaye. Duk rani Talle yakan fara haƙa ta. Da ya fara sai wani maƙwabci ya zo ya ce tasa ta toshe, ko gaɓa ta zube, ya saɓa galma ya bi shi. Baturiya ta gaji da jira ta shuka yakuwa da barkono a wurin, tana ɗebo ruwa da tulu, tana faɗa wa duk wanda ya wuce cewa ita ce matar mai tafki.

A ranin da ya rasu ya ci ƙarfin aikin. Hanyar ta fito daga tafkin, ta zagaye garkar taba, ta miƙe sosai, ta tsaya dab da barkonon Baturiya.