Kifin Jegon Hajjo

Duk wanda ya taɓa shiga tasin Yacouba daga Alexandria zuwa filin jirgi, kafin ya sauka sai ya san abu biyu: mutumin Gaya ne ta bakin kogin Kwara, kuma ubansa masunci ne da bai taɓa dawowa gida da kwale-kwale wayam ba. Ko fasinja bai tambaya ba sai ya ji. A 2002 ya shigo Amurka, ya yi wanke-wanke a Landover, ya yi gadin sito a Laurel har ƙafafunsa suka kumbura, sannan ya samu mota. Daga baya ya ɗauko matarsa Hajjo, suka kama ɗaki a ɗaya daga dogayen benayen nan, suka yi shekaru haihuwa shiru.

Ran Lahadi ba ya ɗaukar kowa, bakin kogin Potomac yake tafiya da fatsarsa. Da farko dariya yake yi wa mutanen ƙasar da ke yaudarar kifi da kifin roba, wai ko tana ba sa iya tonowa. Rannan dai ya sayi ɗaya, ɗan mitsitsi kamar ƙaramin yatsa, fari mai walƙiya. Duk lokacin zafi abin nan ya yi ta kama masa bas, kifin da Amurkawa ke haukacewa a kansa. Shi ke nan Yacouba ya yanke hukunci cewa ya gama karanta kogin, ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

A Oktoban 2013 Allah ya sauki Hajjo lafiya, aka samu 'ya mace. To, a gidansu Yacouba akwai wata al'ada da ba a wasa da ita: romon kifin farko da mai jego za ta sha kafin suna, dole uban jariri ne zai kamo kifin da hannunsa. Da wannan nonon, in ji su, yaro ke zama ɗan gidan ruwa. Tun suna asibiti Inna, mahaifiyarsa, ta kira daga Gaya ta tuna masa. Har haushi ya ji da aka tuna masa.

Sai ruwa ya ƙi shi. Ganye ya yi ja yana zuba, kogi ya yi sanyi, ya jefa ɗan robarsa safe da yamma ko taɓawa babu. Ya ajiye aiki, ya canza wuri, ya zagi jiragen da ke tashi ta samansa, ya zagi masu kwale-kwalen inji. Abin da bai zarga ba kaɗai shi ne abin da ke ɗaure a bakin zarensa.

Ana gobe suna, maƙwabcinsa Katung ya biyo shi bakin ruwa. Katung nas ne, mutumin Kagoro, ya tashi a gindin dutse, a talabijin ya koyi fatsa. Yacouba bai taɓa gaya masa zancen al'adar ba, don a ganinsa sirrin masunta ba na kowa ba ne. Abin da Katung ya sani kawai, mai jego na son romo.

Ya dubi ɗan robar ya girgiza kai. "Sarkin ruwa, wannan na watan Yuni ne. Ƙananan kifayen da bas ke ci sun girma yanzu, sun kai tsawon tafin hannu. Shi kuma yana tara kitse ne kafin sanyi, ba zai ɓata ƙarfinsa a kan ɗan tsito ba. Ƙara girman robar kawai." Ya miƙo masa wani ƙato mai kamar cokalin miya.

Ran Yacouba ya ɓaci har kunnuwansa suka yi zafi. "Kai Katung, a dutse kuke su ko a talabijin? Ni cikin jirgi aka yanke mini cibi. Wannan gungumen, kihi na ganinai shi san ƙarya ce."

"To ai in kiɗa ya canza..."

"Riƙe kiɗanka!"

Katung ya ɗaga kafaɗa, ya matsa gefe, ya wurga gungumen nasa kusa da ciyawa, yana jansa a hankali. Ba a jima ba sandarsa ta lanƙwashe. Ya fito da bas mai ƙiba, tsawon kamu ɗaya, yana fal-fal a kan duwatsu. Da murnarsa ya ce, "Ungo, kai wa madam." Yacouba ya ce ba ya so. Katung ya ce to karɓi robar, jefa sau ɗaya tak. Yacouba ya juya masa baya. Wallahi da ya miƙa hannu a lokacin da an wuce wurin, kifin na nan cike a gindin ciyawar, kowa na gani ruwan na motsi. Amma ya karɓi darasi daga mutumin dutse? Girman kai rawanin tsiya. Katung ya sa kifinsa a kula ya tafi, yana da aikin yamma.

Yacouba ya tsaya har magariba yana jefa ɗan tsitonsa, yatsunsa sun ƙage don sanyi, bai kama ko kwaɗo ba.

Tun daga bakin lif ya jiyo ƙamshin citta da kanumfari. Ya buɗe ƙofa ya tarar da Hajjo zaune da jaririya a ƙirji tana tsotso, ga kwano a gabanta saura ƙaya. Ya gane kwanon, na Olive ne, matar Katung.

"Mi kika ci?"

"Abin da ka gani, Maigida. Olive ta kawo da zahinai."

"Kin san al'adar gidanmu! Kin sani sarai!"

"Na sani, shi ya sa nike jiranka tun da muka dawo asibiti. Nono ya ƙi zuwa sosai, ɗiyarka na kuka, kai kana can kana gardama da roba." Muryarta ta tashi, har jaririyar ta firgita. "Olive ta ce har abin kamun mijinta ya ba ka, ka ƙi. Ba kogi ne ya hana ka ba."

Ya buɗe baki ya rasa wanda zai zaga. Ya so ya haura sama ya dirka wa Katung faɗa, amma da wane laifi? Mutum ya ba shi kifi, ya ba shi dabara, matarsa ta yi wa tasa hidima. Fushin ya rasa wurin zuwa. Ya tsaya yana kallon 'yar da ya jira shekara da shekaru tana shan nonon kifin wani.

Wayarsa ta yi ƙara. Inna ce, ta kasa haƙuri.

"An sha romon?"

Ya dubi Hajjo, ta kawar da kai. "An sha, Inna."

Tsohuwa ta rangaɗa guɗa daga Gaya, tana kiran sunan ubansa, tana sa albarka. Ta ce gobe za ta gaya wa duk dangi jikarta ta shiga gidan ruwa. Sannan ta tambaya, irin tambayar matar masunci, "Babba ne?"

"Babba ne," in ji Yacouba. "Na gan shi da idona."