Tsakiyar Kaka mai tsagewa a baki

A hawa na goma sha ɗaya muka tashi, a unguwar Minguettes ta Vénissieux, a gefen birnin Lyon, inda babu murhu balle tsakar gida. Da kakarmu ta zo daga Damagaram, sai ta mai da ƙarfen ɗumama ɗaki murhunta. Bayan mun ci tuwo, takan shimfiɗa bargo a jikinsa, ta miƙe ƙafa, ta ciro tsakiyoyinta daga wuya.

Duwatsun ado ne na gilashi, tsofaffi, gadon uwarta. Kowace tsakiya da tatsuniyarta. Wanda ya taɓa ɗaya da yatsa, labarinta za a ba shi.

"Maigida, zo ka zaɓa," takan ce da ni, da wasan kaka da jika. "Miji ba cefane, sai kunne kamar na zomo."

Wata rana na taɓa wata shuɗiya mai zanen tauraro. Ta ce wannan daga garin ruwa ta fito, inda hanyoyi duk kogi ne, inda ake dafa yashi ya zama ado. A garin akwai wata tsohuwa mai dafa yashi, da wani matuƙin jirgi da ya yi sha'awar wutarta. Ya faki idonta ya ɗauki garwashi ɗaya ya jefa aljihu. Yana tuƙi, riga na hayaƙi. Masu wanki a bakin ƙofa suka ce, "Malam, me ke ci a jikinka?" Ya ce ba komai. Ya wuce gada, ya wuce wata, wuta na cin cinyarsa, ga ruwa ko'ina, amma in ya tsoma garwashin kowa zai gani.

Nan ta tsaya. "Sauran sai gobe. Akwai lakwal."

Da safe tana alwala na tsinke zaren, na zare shuɗiyar, na sake ƙullawa. A filin lakwal, wato makarantarmu, na ba wani yaro ita, ya ba ni 'yan ƙwallayen gilashi na wasa guda biyar. Kafin yamma an cinye min su duka.

Da daddare Kaka ta lalubi zaren, ta sake lalubawa. Ta ce babu tsakiya, babu labarinta. Mahaifiyata ta ɗaga kujeru, ta kakkaɓe bargo, sannan ta ce, "Inna, tsufa ne, ke kika yar da ita." Kaka ta dube ni. Na dubi talabijin. Ta ce, "To, wataƙila tsufan ne." Wannan maganar ta fi shekara ashirin da biyar tana cina.

Bara ni da matata muka tafi Venise daga Paris, inda nake aiki yanzu. Muka guje wa cunkoso muka shiga tsohuwar unguwar Cannaregio: lunguna ƙanana, shanya a tsakanin tagogi, ƙofofi suna buɗewa kan ruwa. Wani jirgi ya wuce ƙarƙashin gada ɗauke da kayan miya, sai na gane wurin. Garin Kaka ne. A wani ƙaramin shago na ga mace tana narka gilashi a bakin wuta, kuma a faranti kusa da ita ga shuɗiya mai tauraro. Matar ta ce kakanninsu sun daɗe suna aika irin waɗannan duwatsun har bayan Sahara. Na saya.

Da muka dawo na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon. Kaka ba ta gani yanzu, kuma sunaye sun fara kuɓuce mata. Na durƙusa na gaishe ta, na sa mata tsarabar a tafi.

"Kaka, ga tsakiyarki da ta ɓace."

Ta juya ta da yatsu, ta kai farce bakin ramin.

"Tana da kyau, maigida. Amma wadda ka ɗauka tana da tsagewa a nan."

Na kasa ɗaga kai. Na ce, "Kin sani?"

"Ƙullin da ka yi, ko akuya ta fi ka iyawa. Na ce bari in jira ka zo da ƙafarka."

Na nemi gafara ina kuka, da gemuna. Ta shafa kaina ta ce ta yafe tun a daren. Sai na roƙe ta ta ƙarasa min labarin matuƙin jirgin. Leɓɓanta suka yi ta motsi, tana nema.

"Na riƙe maka shi, wallahi na riƙe. Ka daɗe, maigida. Ya tafi."

Da ina yaro na ɗauka ɗan dutse na sata. Yanzu na san na bar tsohuwa ta amsa laifin da ba nata ba, kuma na kashe labarin da ya bi ta bakin uwarta ya iso har hawa na goma sha ɗaya. 'Yata takan ce in ba ta tatsuniya, ni kuwa in kai ta har gada ta biyu in tsaya. Ta ce, "Baba, sai me ya faru?" Har yau matuƙin yana kan ruwa da wuta a aljihu, kuma ni na bar shi a can.