Sojan da Bai Ƙetare Ruwa Ba

Matata takan ce ba ta taɓa ganin ƙato da furfura a gemu yana wasan 'yar tsana ba sai ni. Ba na musu da ita. Malamin tarihi ne ni a wata sakandare a Aliero, kuma shekara da shekaru ina tara tsofaffin sojojin dalma, 'yan ƙanana da ba su wuce tsawon yatsa ba. Wasu na tsinto su cikin tarkacen 'yan gwanjo a kasuwar Jega, wasu abokai suka aiko mini daga nesa. Ranar Asabar mukan zuba yashi a kan tebur ni da abokaina biyu, mu yi tudu da kwari, mu jera runduna, mu sake buga yaƙoƙin da aka gama tun kafin a haifi iyayenmu. Amma sojojin da na fara gani a duniya guda uku ne, kuma ba a tebur na gan su ba. A bakin wutar kakata na gan su, a Fagada.

Kaka Tumba ita ta haifi babana, shi kaɗai Allah ya ba ta. Sunan mijinta na ci, Ummaru, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai Maigida. "Maigida, ka zo hannu rabbana? Ina cehwanena?" Ni kuma in ce na sake ta, ba na son mata marar haƙora. Ta yi ta dariya har da tari. Mijin nata ban san shi ba, babana ma bai san shi ba. Abin da muka sani kawai, an ɗebe shi soja lokacin yaƙin Bama, a yaƙin duniya na biyu, tana da ciki, bai dawo ba.

Lokacin ɗari, da an idar da sallar isha'i, takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta tura dankali cikin toka. Mu jikoki da yaran maƙwabta mu kewaye ta, kowa ya cusa hannu a hammata. Ta iya tatsuniya ƙwarai, in tana muryar kura har ƙananan cikinmu su maƙale a jikin manya. Kowace ta gama sai ta rufe ta yadda aka saba, ta ce ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da ta yi mana ƙarya, sannan a raba dankali.

Guda ɗaya ce ba ta rufewa. Ranar da ta ga dama sai ta shiga ɗaki ta fito da wani gwangwanin taba da ya yi tsatsa, ta kwance tsummar da ke ciki, ta tsayar da sojoji uku a ƙasa inda hasken wuta zai same su. Fentinsu ya kusa goge duka. Ɗaya Dogo, ɗaya Gurgu don ƙafarsa ta lanƙwashe. Na ukun yana ɗauke da bindiga a kafaɗa, shi kuwa Wancan kawai take ce masa.

Labarin bai da tsawo. Wai wani manomi ne, geronsa ya fara fitar da kai, sai sarkin wata ƙasa mai nisa ya aiko a ba shi maza. Aka sa shi a mota, daga mota jirgin ƙasa, daga nan jirgin ruwa a kan wani ruwa da ba a ganin gaɓarsa. Aka sauke su a dajin da ruwan sama ba ya ɗaukewa, matsattsaku na faɗo wa mutum a wuya daga kan itace. Can ya haɗu da Dogo da Gurgu, suka zama kamar ciki ɗaya. Kullum takan ƙara musu wani abu, yau sun yaudari damisa, gobe sun raba ƙwayar gyaɗa ɗaya uku. Amma ko ta ina ta bi, ƙarshenta a bakin wani kogi ake tsayawa. Ta ja layi da yatsa a ƙasa. Dogo ya haye. Wancan ya goya Gurgu ya haye da shi, sannan ya koma ɗauko bindigarsa. "Yad ɗora ta bisa kainai, yash shiga ruwa. Ruwa ga gwiwa, ruwa ga ƙirji..." Daga nan sai ta yi shiru ta hau tonon dankali.

"Kaka, sai me?"

"Sai ku tai ku kwanta."

Wallahi abin yana ci mini rai. Ni yaro ne mai gaggawa, har yau ban rabu da halin ba. Wace irin tatsuniya ce ba kai ba gindi? Wata rana, ina da shekara tara ko goma, ta kawo ruwa ga ƙirji ta yi shirunta, sai na miƙa hannu na fizgi Wancan na kifa shi cikin toka. Na kwaikwayi muryarta na ce, "Ruwa ya cinye shi, ya mutu! Ƙurunƙus kan kusu!" Yara suka fashe da dariya, ni ma ina ta washe baki, na ga na yi gwaninta.

Kaka ba ta yi dariya ba. Ba ta kuma zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta dube ni har na rasa inda zan sa idona, ta ce, "Maigida, mi kac ce?" Na maimaita a hankali. Ta gyaɗa kai. Ta ɗauki sojan ta hure masa toka, ta goge shi da bakin zanenta. "To, na jiya," in ji ta. Ranar ba a raba dankali ba.

Da safe ta cire 'yan kunnenta, ta wanke kwallin idonta, ta ɗaura wani tsohon zane, ta aika a gaya wa liman ta shiga takaba. A ranar mahaifiyata ta ja ni bayan rumbu ta gaya mini abin da kowa ya sani ban da mu yara. Gurgun nan mutum ne na gaske, wani ɗan Maiyama, shi ya kawo gwangwanin bayan yaƙi. Wancan kuwa kakana ne. Gurgun ya ce ya ga kakana ya shiga ruwa, bai ga fitowarsa ba, bai kuma ga gawa ba. Malamai suka ce ta yi takaba ta yi aure, ta ƙi. Ta ce wanda ba a ga gawarsa ba matafiyi ne, kuma ba ta yi wa matafiyi takaba. Haka ta zauna kusan shekara arba'in.

Liman ya zo da kansa ya ce, "Tumba, wannan lokaci ya wuce tuni, babu takaba a kanki." Ta ce, "Malam, ni jiya anka hwaɗa mini. Mai sunanai ya hwaɗi da bakinai." Ta yi wata huɗu da kwana goma ba ta taka ƙofar gida ba. Ni kuwa na daina bi ta gaban ɗakinta, don kunya da tsoro. Ita ce ma ta aika aka kamo ni ta ba ni fura, ta ce laifin me na yi.

Na daɗe ina juya wannan abu a raina. Wani lokaci in ce na sauke mata kayan da ta gaji da ɗauka, ta rasa mai sauke mata. Wani lokaci in ce na ƙwace mata abu ɗaya da ya rage mata, saboda kawai ina son in ji ƙarshen labari. Ta rasu ban kai hankalin da zan tambaye ta ba, kuma wannan yana damuna har gobe. Abin da na koya dai, in mutum ya tsaya a tsakiyar magana ya yi shiru, ba lalle ne ya manta sauran ba.

Ranar da ta fita takaba babana ya dawo daga lodin albasa, ƙura har gira. Kaka ba ta yi masa magana kai tsaye, kunyar ɗan fari, amma ranar ta ce, "Kai, taho." Ya durƙusa a gabanta. Ta miƙa masa gwangwanin da hannu biyu. Ta ce ubansa ya saya wa abin da ke cikinta, in namiji ne ya yi wasa da su. Ta riƙe ne don tsaraba da hannun mai tafiya ake ba da ita, tana jira ya zo ya ba shi da kansa.

"Ga tsarabarka," in ji ta. "Ka yi haƙuri, ba shi samun zuwa."

Babana, mutum mai 'ya'ya shida, ya zauna daɓas a ƙasa da kayan wasansa a hannu, yana kuka kamar yaron da aka saya wa su.